Manhaja ce ta rubuta tsarin, amma wa ya ga yaron?

Malamar Gwarinpa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Tun ranar Talata wani abu yake ci min tuwo a ƙwarya, na ce bari in kawo shi nan, tunda akwai iyaye, akwai malamai, akwai likitoci.

Galibinku kun san aikina. Shekara tara ke nan ina aikin nazarin ɗabi'a, wato ABA, da yara masu otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, kuma yanzu ni ke duba aikin matasa shida a cibiyarmu. Akwai wani yaro ɗan shekara biyar da ake kawo mana, kalmominsa ba su wuce uku ko huɗu ba. Kwatsam sai ya fara dukan gefen kansa da tafin hannu, wani lokaci har ya je ya riƙa goga kan a jikin bango. Na sa yarinyar da ke zama da shi, ɗaya daga cikin matasan nan, ta cika min takardar lura ta kwana biyar: me ya faru gab da abin, me yaron ya yi daidai, me ya biyo baya. Ranar Talata sai ga ta da cikakken tsarin gyara, shafi huɗu, an buga shi tsaf, Turanci kamar na farfesa. Hukuncin takardar shi ne: yaron so yake a kula shi, don haka in ya fara a kau da kai, kada a ce masa komai, in ya daina a yaba masa.

Na ce mata ina takardar lurar? Ta miƙo min, layi bakwai kacal ta cika. Ta gaya min gaskiya, Allah ya yi mata albarka, cewa bayanin yaron ta rubuta wa wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, ita kuma ta fitar mata da tsarin cikin minti ɗaya.

Na ajiye komai na je na zauna da yaron. Ban yi minti ashirin ba na ga abu biyu. Gefen hagu kaɗai yake duka. Sannan da aka kawo masa cincin, wanda da har kuka yake yi a kansa, sai ya tura shi ɓangaren dama na baki yana taunawa a hankali, daga baya ya tofar. Na kira mahaifiyarsa na ce a kai shi a duba kunne da haƙori. Jiya da daddare ta kira ni: turmin haƙorinsa ne ya rube, har dasashi ya kumbura.

Da mun bi takardar nan, da mun yi sati biyu muna kau da kai daga yaron da ke gaya mana ciwo yake ji, da hanya ɗaya tilo da yake da ita. Wallahi da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi.

Ni ma ina amfani da irin waɗannan manhajoji, ba kushe su na zo yi ba. Tambayata ita ce, ina iyakarsu a aikinmu? Me za mu ba su, me kuma ba za mu taɓa ba su ba?

Maman Abba, Mararaba:
Wa alaikumus salam Anti. Allah ya ba yaron lafiya, ya saka miki da alheri. Amma ki yi haƙuri zan faɗi abin da ke raina. Shi wannan yaron yana da ke. Nawa ɗan fa? Daga Mararaba zuwa cikin gari, in na fito bayan asuba cunkoson Nyanya kaɗai sai ya cinye min awa biyu, ga yaro a mota yana ihu, mutane suna kallona kamar ni ce ban iya tarbiyya ba. Kuɗin zama ɗaya a cibiya ya fi cefanen satinmu. Mun yi wata uku muka haƙura.

Ƙarfe biyun dare in Abba ya tashi yana buga ƙofa, ba ni da malama ba ni da likita. Abin da nake da shi wayata ce, da wannan Meta AI da aka saka a WhatsApp tun 2024. Ita ta koya min in zana masa hoto biyu a kwali, wanka a farko, shayi a bayansa, in nuna masa maimakon in yi ta surutu. Kuma ya yi amfani. Da babu gara ba daɗi, Anti.

Malamar Gwarinpa:
Maman Abba, ban ga laifinki ko ƙwayar zarra ba. Kwalin nan da kika yi, abin da mu ma muke koyarwa ke nan. Zan dawo kanki, kada ki tafi.

Baban Ummi:
Salamu alaikum. Malama, Allah ya ƙara basira. Ni rubuta manhaja ce sana'ata a nan Wuse, kuma ina da 'ya mai wannan lalurar, don haka ƙafata ɗaya tana can ɗaya tana nan.

Ya kamata mu fahimci yadda abin yake aiki. Irin su ChatGPT, wadda ta fito a ƙarshen Nuwamba 2022, an ciyar da su rubutu ne mai tarin yawa, suka koyi hasashen wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wacce. In ka ba ta layi bakwai game da yaro mai buga kai, za ta ɗauko abin da aka fi yawan rubutawa a kan yara masu buga kai ta jera maka da kyakkyawan lafazi. Ba ta ga yaronka ba, kuma yadda take magana a kan abin da ta sani, haka take magana a kan abin da ta ƙirƙira, murya ɗaya ce. A 2023 wata kotu a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da manhaja ta ƙago musu, waɗanda ba a taɓa yin su ba.

Amma duk da haka ina ganin a labarinki ba manhajar ce ta gaza ba. Wadda ta ba ta layi bakwai ce ta gaza. Da an ba ta lurar kwana biyar cikakkiya, har da maganar gefen hagu da cincin, ina da tabbacin za ta ce a ga likita. Wuƙa ce, tana yanka albasa tana yanka yatsa.

Ni kowace Lahadi nakan tara takardun ƙidayar Ummi na sati, in shigar da lambobin, manhaja ta zana min hawa da saukarsu. Aikin da da yake cinye min yammaci guda, yanzu kafin shayi ya huce na gama.

Malamar Gwarinpa:
Baban Ummi, ka zo daidai wurin da nake so. Ka ce da an ba ta maganar gefen hagu da cincin. To wa zai ba ta? Sai wanda ya gani. Kuma ganin nan shi ne aikin gaba ɗaya, shi ake shekaru ana koyo.

Bari in yi wa iyaye bayani a taƙaice. A fanninmu ba ma tambayar me ke damun yaron a cikin zuciyarsa, muna tambayar me wannan ɗabi'ar take samo masa. Galibi ɗayan huɗu ne: ko tana sa a kula shi, ko tana kuɓutar da shi daga abin da ba ya so, ko tana samo masa wani abu kamar waya ko abinci, ko kuma jikinsa ne kawai yake jin daɗinta ko sauƙinta. Yara huɗu za su iya yin ihu iri ɗaya, kowanne da dalilinsa, kuma maganin na farko guba ne ga na biyu. In ka kau da kai daga yaron da ke ihu don a bar shi ya huta da rubutu, ai ka biya masa buƙata, gobe ma zai ƙara. Hanyar gane wanne ne ita ce zama da kallo da ƙirgawa. Har mutum biyu muke sawa su ƙirga abu ɗaya kowa da takardarsa, in ƙidayarsu ba ta dace da juna da aƙalla kashi 80 cikin 100 ba, mu koma mu gyara ma'anar abin da muke ƙirgawa.

Abin da ke ba ni tsoro ba kuskuren ranar Talata ba ne. Tsorona shi ne matashiyar da ta saba samun amsa cikin minti ɗaya, yaushe idonta zai buɗe? Ni shekarata ta farko, wadda ta koya min aiki ba ta bar ni na rubuta tsari ko ɗaya ba. Kujera da agogo da biro kawai, ina ƙirga sau nawa yaro ya tashi daga wurin zamansa. A wannan kujerar na koyi ganin yadda kafaɗar yaro ke ɗagawa daƙiƙa biyar kafin ya fashe.

Zanen hawa da sauka kuwa na yarda da kai ɗari bisa ɗari. Nan ne wurinta.

Likitan Yara:
Malama sannu da ƙoƙari. Ina so iyaye su riƙe wannan: duk yaron da ba ya iya faɗin inda ke masa ciwo, in ɗabi'arsa ta canza farat ɗaya, a fara da jiki. Kunne, haƙori, taurin bayan gida, ƙaiƙayin fata, rashin barci, ƙwannafi. Farfaɗiya ma ta fi yawa a yara masu otizim fiye da sauran yara, kuma wata ba ta zuwa da faɗuwa, sai dai ka ga yaro ya ƙame na 'yan daƙiƙu. Ƙa'idojin aikin ABA su kansu sun ɗora wa mai aikin ya tabbatar an duba ɓangaren lafiya in akwai alamar hakan.

A kan fasahar kuma, kada mu haɗa komai a tukunya ɗaya. Manhajar hira daban, na'urar da aka gina don aiki ɗaya aka gwada ta daban. A 2021 hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da wata manhaja, Canvas Dx, da ke taimaka wa likita wajen gano otizim a ƙananan yara. Tana haɗa amsoshin iyaye, da bidiyon yaro a gida, da bayanin likita. Abin da ya burge ni da ita, tana da amsa ta uku bayan e da a'a: tana iya cewa ba ta iya yankewa ba. Kuma an amince da ita ne a matsayin mataimakiya, likita ne mai hukunci. Sai dai da yaran can aka gwada ta, ba da yaran Kubwa ko Gwagwalada ba.

Su can, rahoton 2025 na hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ya ce yaro 1 cikin 31 masu shekara takwas yana da lalurar. Ko da namu adadin bai kai haka ba, ku dubi yawan yaran Abuja da kewaye ku dubi yawan masu wannan aikin. Shi ya sa maganar Maman Abba ba abar yarwa ba ce.

Ƙanwarku ta Lugbe:
Manyana ku yi min afuwa, ni ƙarama ce a nan, amma irin aikin yarinyar nake yi a wata cibiyar, kuma zuciyata tana tare da ita. Yara huɗu nake gani a rana. Kowanne sai na rubuta rahoton zama, ga na wata, ga na iyaye, duk da Turanci. In na isa gida bayan isha, sau da yawa an ɗauke wuta, da fitilar waya nake rubutu. Mai duba aikina nakan gan ta sau ɗaya a wata, wani watan ma a waya.

A tsarin hukumar BACB ta Amurka, mai ba masu aikin ABA takardar shaida, mataimaki irina horon awa 40 yake yi, sannan dole a duba aƙalla kashi 5 cikin 100 na awannin aikinsa kowane wata. Mu ko wannan ƙofar ma an rufe mana, don tun 1 ga Janairu 2023 hukumar ta daina karɓar sababbin masu neman shaida daga ƙasashe irin namu. Sai dai mutum ya bi ta wasu hukumomin ba da shaidar, IBAO ko QABA, kuma da dala ake biya. To in babu mai duba ka, ga kuma abu a aljihunka da ke amsa kowace tambaya ba tare da ya yi maka tsawa ba, wa za ka tambaya? Anti, don Allah kada a kore ta.

Malamar Gwarinpa:
Ƙanwata, ba wanda zai kore ta. Tun jiya tare muke zama da yaron, ni da takardata ita da tata. Kuma maganarki ta shige ni. Ranar da na ba ta aikin lurar ban koma na leƙa ta ba sai ranar Talata, wannan nawa ne, na ɗauka.

Rahoton zama kuwa, in kin rubuta abin da ya faru da hannunki kika ce manhaja ta gyara miki Turancin, ba ni da ja. Sharaɗi ɗaya: ki karanta kafin ki sa hannu. Na taɓa ganin ta mayar da "ya yi da taimako" zuwa "ya yi da kansa" don jimlar ta fi daɗin karatu, alhali a wurinmu tsakanin waɗannan biyun akwai aikin wata uku.

Barista:
Assalamu alaikum. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, kuma shi ne zai iya kai cibiya gaban hukuma. Malama, yarinyar nan da ta rubuta bayanin yaron, ta sa sunansa? Ta sa shekarunsa da unguwarsu da lalurarsa?

A watan Yuni 2023 Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC, ofishinta yana nan Abuja. A dokar, bayanin lafiyar mutum yana cikin bayanai masu tsananin sirri. Bayanin yaro kuma, inda ake buƙatar amincewa, uwa ko uba ko mai riƙonsa ne zai bayar. Fitar da bayani zuwa wata ƙasa ma yana da sharuɗɗa, kuma waɗannan manhajoji rumbunansu ba a Najeriya suke ba. In bayanai suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, awa 72 doka ta bayar a sanar da hukuma. Tara ga ƙananan wurare tana iya kaiwa naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara, duk wanda ya fi yawa.

Bar ma maganar tara. A garin nan akwai gidajen da ko dangin miji ba su san halin da yaro yake ciki ba. Uwa ta ba ku amana. Shawarata ga kowace cibiya: a rubuta takardar amincewa da Hausa da Turanci, a faɗa ƙarara wace manhaja ake amfani da ita kuma don me, a bar wa iyaye damar cewa a'a ba tare da an rage wa ɗansu komai ba. Suna, hoto, murya, sunan makaranta, kada ɗaya ya shiga.

Maman Abba, ke ma ki sani: saƙon da kika tura wa Meta AI ba kamar wanda kika tura wa ƙawarki ba ne, kamfanin yana iya ganinsa.

Malamar Gwarinpa:
Barista, ta sa sunan farko da shekaru. Na gaya wa mahaifiyar komai, na ba ta haƙuri, kuma da izininta na kawo labarin nan. Takardar amincewar zan biyo ka a taimaka mana da ita.

Maman Abba, Mararaba:
Innalillahi. Ni har bidiyonsa na so in tura. Na gode Barista.

Baba Malam mai ritaya:
'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka. Na karanta duka, jikata ce ke taya ni bugawa. Ni a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Jos na yi karatu, lokacin ko kalmar otizim ba kowa ya sani ba, sai dai a ce yaro galahanga ne ko a ce iska ce. Shekara talatin da ɗoriya na yi a aji.

Abin da zan ƙara shi ne, na'urar nan tarbiyyar wani gida ta sha. Jikata ta tambaye ta manufofin da za a sa wa yaro ɗan shekara shida, sai ga shi a sahun gaba: ya riƙa kallon babba cikin ido in ana masa magana. A gidan Bahaushe yaron da ya ƙura wa kakansa ido, me ake ce masa? Mara kunya. Mu durƙusawa muke koyarwa da sunkuyar da kai. Ta tambaye ta matakan koya wa yaro shiga bayi, ta jero su tiryan-tiryan, da takardar gogewa da kujerar zama, babu buta, babu tsuguno, babu maganar hannun hagu, babu addu'ar shiga. Tukuicin da ta ba da shawara kuma wasu 'yan taurari ne na mannawa a takarda. Yaran da na koyar, dabino ɗaya ko gutsuren ƙuli-ƙuli ko a bar shi ya riƙe makullin aji ya fi musu taurari ɗari.

Har ma akwai wanda ya fi wannan zurfi. Uwar da ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban surukai, in ka kwatanta wa baƙo ita ba tare da bayani ba sai ya rubuta cewa ba ta damu da ɗanta ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuma kada ku ɗauka fanninku bai taɓa ɓata ba tun kafin na'ura. Lovaas, wani masanin halayyar ɗan Adam wanda bincikensa na 1987 a Jami'ar Kalifoniya ya yaɗa maganar horon awa 40 a sati, a farkon aikinsa an yi amfani da mari har da jan lantarki a kan yara. Kusan ko'ina an bar wannan, alhamdu lillahi, amma mutane ne suka tsaya suka ce a'a. Na'urar da ta haɗiye tsohon rubutu da sabo gaba ɗaya, sai da mai tankaɗe a gefenta.

Ɗan'uwanku mai lalurar:
Salam. Ban cika magana a zauren nan ba. Shekarata 24, ina da otizim, ina aikin zane a kwamfuta. Baba, na ji daɗin maganar ido. Ina ƙarami an tilasta min kallon ido, kuma in ina kallon idon mutum ba na jin abin da yake faɗa, ɗaya kawai nake iyawa. An kuma riƙa riƙe min hannu in ina kaɗa shi. Kaɗawar ba ta cutar da kowa, ita ke kwantar min da hankali in hayaniya ta yi yawa.

Ni manhajar tana taimakona sosai. In an turo min saƙon da ban gane ko fushi ake da ni ko wasa ba, nakan tambaye ta. In zan rubuta wa shugabana wasiƙa, tare muke yi. Amma ni na zaɓa, ni nake tambaya don kaina. Wannan daban yake da a zauna a rubuta mata "yaya zan hana yaro kaza" ta kawo hanya goma. Duk abin da ka ce ta hana, hanyar hanawa za ta fi saurin kawo maka. Kafin a kai ga yaya, wani ya tsaya ya tambaya ko ya kamata a hana ɗin. Buga kai, e, a nemi dalili a taimake shi. Kaɗa hannu, ku bar mana.

Malamar Gwarinpa:
Ƙanena, na gode ƙwarai. Da izininka zan karanta wa ma'aikatana wannan ranar Litinin, ba tare da na nuna daga wa ya fito ba.

Ɗan'uwanku mai lalurar:
Na yarda Anti.

Baban Ummi:
Na karɓi gyara a wurare da dama, musamman na Baba. Dalilinsa ma a fili yake: mafi yawan rubutun da aka horar da su da shi Turanci ne, Hausar da ke intanet kaɗan ce. Amma ana gyara wani abu in ka gaya mata tun farko cewa gidan Hausawa ne Musulmi, da buta ake tsarki, ga abin da yaron yake so. Na gwada, matakan sun fito da kyau, sai ɗan gyara.

Inda har yanzu nake nan a kan bakana: nan gaba kyamara ce za ta riƙa yin ƙidayar da Malama ke yi a kujera, ba gajiya ba mantuwa, mai aikin ya samu lokacin wasa da yaro.

Hajiya Maman Biyu:
Baban Ummi, kyamara a ina? A tsakar gidana, inda nake yawo da ɗaurin ƙirji, 'yan matana ba mayafi? Maigidan ma ba zai saurari ƙarshen zancen ba. A cibiya ma sai na san wa ke kallo da inda hoton ke kwana.

Baban Ummi:
Gaskiyarki Hajiya. A cibiya nake nufi, kuma da sharuɗɗan da Barista ya faɗa.

Malamar Gwarinpa:
Ko a cibiyar, kyamara za ta ƙirga min duka goma sha biyu, amma sai an gina ta ta san cewa tofar da cincin labari ne. Mu bar wannan sai ta zo mu gani.

Maman Abba, na dawo kanki. Samo littafin rubutu na makaranta, ki ja layi ki raba shafi gida huɗu: lokaci, abin da ake yi kafin ya fara, abin da ya yi, abin da kuka yi bayan nan. Zaɓi ɗabi'a ɗaya tak, wadda ta fi damunki. Kada ki rubuta "ya yi fushi", rubuta abin da ido ya gani: ya kwanta a ƙasa, ya buga ƙofa da ƙafa sau shida. Kwana bakwai, kada ki canza komai a yadda kuke yi, ki rubuta kawai. In manhaja ta ce ki kau da kai daga wata ɗabi'a, kada ki fara sai mun yi magana, domin in aka daina biyan ɗabi'a da abin da ta saba samu, takan ƙaru ta yi tsanani kafin ta ragu, kuma in yaro yana ji wa kansa ciwo wannan hanyar ba ta gida ba ce sam. Tashin daren nan kuma ki gaya wa Dakta.

Likitan Yara:
Ki same ni ta akwatin sirri Maman Abba, in yi miki tambayoyi kan barcinsa da bayan gidansa, in gaya miki inda ya fi kusa da ke da za a duba shi.

Maman Abba, Mararaba:
Assalamu alaikum, na dawo bayan kwana takwas. Anti na cika littafin. Kwanciya a ƙasa da ihu na zaɓa. Sau 17 ya yi a satin. Da na zauna ina dubawa da kaina sai na ga 11 daga ciki duk tsakanin la'asar da magariba ne, kuma a gidan "kafin ya fara" abu ɗaya nake ta rubutawa ban lura ba: maƙwabciyarmu ta tayar da injin markaɗe. Shekara biyu muna gidan nan, ni kunnena ya saba har ba na jin sa. A gidan ƙarshe kuma, kusan kullum ɗaukarsa nake in kai shi ɗakin ciki in rufe ƙofa, sai ya yi shiru.

Lambobin kawai na ba manhajar, ba suna ba unguwa, ta zana min su, tsinin ya fito a ƙarfe biyar kamar an dasa. Sauran shidan ban gane kansu ba, biyu da asuba ne, huɗu a warwatse. Dakta ya ce a duba cikinsa, mun karɓi kati ranar Alhamis.

Malamar Gwarinpa:
Masha Allah, Maman Abba. Kada ki jira ya kwanta a ƙasa kafin ya samu ɗakin ciki. Zana masa hoton ɗakin a ƙaramin kwali. Ki roƙi maƙwabciyar ta riƙa yi miki sallama minti biyar kafin ta tayar da injin. Da kin ji sallamar, ki kama hannunsa ya miƙo miki kwalin, ki ce "ɗaki", ki kai shi nan take. Ki ci gaba da cika littafin yadda kike yi, don mu ga ko 11 ɗin nan za ta sauka.

Ranar Asabar ina Nyanya gidan yayata daga ƙarfe goma. Ki zo da Abba da littafin, mu duba sauran shidan tare.